Shin ruwan ganyen kurna zai iya fito da man da ya maƙale a cikin dutse?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a fannin injiniyancin man fetur, ina shirin fara binciken digiri na biyu. Na karanta takardu da dama da ke cewa ana tatso sinadari mai kumfa daga ganyen kurna da wasu tsirrai, a tura shi cikin taskar mai, ya ƙara yawan man da ake samu. Wai ya fi na masana'anta araha, kuma ba ya cutar da muhalli. Idan haka ne, me ya hana kamfanoni komawa kansa? Kuma ya dace in ɗauke shi a matsayin maudu'in bincikena?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambaya biyu kika ɗaure da igiya ɗaya: ko abin yana aiki, da kuma ko aikin nasa ya kai a zuba masa jari. Ta farko amsarta e ce, yana aiki, na gani da idona. Ta biyun ce ke buƙatar zama. Tun da wuri ki san matsayina: ni mutumin ɗakin gwaji ne, shekaruna a kan gunduwar dutse da kwalaben ɗanyen mai na yi su, ban taɓa jagorantar tura sinadari a filin mai ba. Abin da zan faɗa game da fili daga lissafi ne da tarihin sana'ar, na ɗakin gwaji kuwa hannuna ya taɓa.

Inda man yake maƙalewa

Kin riga kin san wannan, amma saboda sauran masu karatu zan taɓa shi a gurguje. Mai a ƙarƙashin ƙasa ba tafki ba ne, yana cikin kafofin dutse ne, da yawansu ba su kai kaurin silin gashi ba. Idan aka haƙa rijiya, matsin da ke cikin taskar ne ke turo shi sama, kuma wannan yakan ba da kamar kashi 10 cikin 100 na abin da ke wurin. Daga nan sai a riƙa ɗura ruwa ta wasu rijiyoyin don ya koro mai zuwa wasu, jimilla takan kai kashi 20 zuwa 40. Idan aka haɗa filayen duniya, kusan kashi biyu cikin uku na man da aka gano a ƙasa ake barin sa.

Dalilin barin sa iri biyu ne. Akwai wanda ruwa bai taɓa isa wurinsa ba, domin ruwa malalaci ne, hanya mai sauƙi yake bi. Maganin wannan shi ne folima, wadda ke ƙara wa ruwa kauri. Akwai kuma wanda ruwa ya bi ta kansa ya wuce ya bar shi ɗigo-ɗigo a cikin kafofi. Wannan na biyun ne ya shafi tambayarki.

Ɗigon mai da ke zaune cikin ruwa yana da wani tsauri a iyakarsa da ruwan, kamar an sa masa fata mai ɗaurewa, shi ya sa yake dunƙulewa. Kafin ya wuce ta ƙuntataccen wuyan da ke tsakanin kafa da kafa, dole ya matse ya canza siffa, tsaurin nan kuwa ba ya yarda. Tsakanin ɗanyen mai da ruwan gishiri, tsaurin iyakar yakan kai 20 zuwa 30 a ma'aunin milinyuton kan kowace mita. Ki riƙe lambar nan, kusan duk amsar tana rataye a jikinta.

Injiniyoyi suna auna kokawar da ke tsakanin ƙarfin tura ruwa da wannan tsauri da abin da ake kira lambar kafilari: kaurin ruwa sau saurinsa, a raba da tsaurin iyaka. A cikin taska ruwa yana tafiyar kamar santimita 30 a yini guda. Idan kika buga lissafin, lambar takan faɗo wajen ɗaya cikin miliyan goma. Kafin ɗigon da ya maƙale ya fara motsi da gaske, sai an ninka ta sau dubu, ko ma dubu goma. Ba za ki iya ninka saurin ruwa haka ba, dutsen zai tsage. Ba za ki iya ƙara masa kauri haka ba, famfo ba zai tura ba. Abin da ya rage shi ne a rushe tsaurin, daga 30 ya koma wajen 0.003.

Wannan shi ne aikin safaktan, wato sinadarai dangin sabulu. Kowace ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai, sai ta je ta tsaya a kan iyakar, kai cikin ruwa, wutsiya cikin mai, ta sassauta ɗaurin. An daɗe ana gwada shi. A Amurka an yi gwaje-gwaje a fili tun shekarun 1960 zuwa na 1980, wasu a jihar Illinois, har faɗuwar farashin mai ta 1986 ta kashe yawancinsu. Wanda ya fi kowa nacewa daga baya shi ne filin Daqing na ƙasar Sin, wanda aka gano a 1959, inda ake haɗa safaktan da folima da sinadari dangin kanwa a tura tare. Safaktan ɗin da suke amfani da shi daga man fetur ɗin kansa ake yin sa.

Abin da ganye yake bayarwa

Sinadarin da ke sa ruwan ganyen kurna kumfa sunansa safonin. Gininsa ya yi daidai da abin da ake nema: jiki mai tauri da ba ya son ruwa, da sarƙar sukari ɗaya ko biyu masu son ruwa. Ba kurna kaɗai ke da shi ba. Yana cikin aduwa, yana cikin 'ya'yan itacen sabulu na Indiya da ake kira Sapindus mukorossi, yana cikin ɓawon itacen Quillaja saponaria na ƙasar Chile. Yawancin takardun da kika karanta kan kurna daga jami'o'in Iran suka fito, na Sapindus kuwa daga Indiya, kowa ya duba abin da ke tsirowa kusa da shi.

Ki koma ki sake duba teburan takardun nan. Za ki ga tsaurin iyaka ya sauko daga talatin da wani abu ko arba'in da wani abu zuwa wajen goma, wani lokaci ƙasa da haka. Marubucin zai ce an rage shi da kashi 70 ko 80 cikin 100, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ki mayar da shi kan lissafin ɗazu: ninki uku ko biyar aka samu, a inda ake neman ninki dubu. A nan gizo ke saƙar.

Akwai na'urar da muke auna tsauri maras yawa da ita: bututun gilashi siriri cike da ruwan safaktan, a sa ɗigon mai guda a ciki, a juya shi da gudu. Idan haɗin ya yi kyau, kina kallo ta madubin na'urar ɗigon zai miƙe ya zama zare, siriri har ki riƙa neman sa. Duk tataccen ganyen da na taɓa sa wa na'urar nan, ɗigon bai wuce ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai ba. Haka ma gwajin da ake yi a jeren bututai, inda ake zuba mai da ruwan safaktan rabi da rabi, a riƙa ƙara gishiri daga bututu zuwa bututu, ana jiran wani sashe na uku ya bayyana a tsakiya. Wannan sashen, wanda ake kira nau'i na uku a rabe-raben Winsor, shi ne alamar cewa safaktan ya so mai da ruwa daidai wa daida, kuma a nan tsauri ke rushewa. Da safonin ban taɓa samun sa ba. Abin da nake samu kumfa ce a sama da wata cakuɗa mai kauri a tsakiya.

Dalilin a ginin ƙwayar yake. Kan sukarin babba ne, yana jan ta zuwa ruwa. Jikin kuma faffaɗa ne mai tauri, ba ya lanƙwasa ya shige cikin mai kamar doguwar wutsiyar safaktan na masana'anta. Sannan yawancin safonin ba shi da cajin lantarki sosai, saboda haka gishiri bai cika damun sa ba. Ana yawan kawo wannan a matsayin falala, kuma falala ce a taskar da ruwanta ya ninka na teku gishiri sau biyar ko shida, kamar wasu na Gabas ta Tsakiya. Sai dai gishirin nan shi ne linzamin da muke juya safaktan da shi har ya daidaita. Wanda ba ya jin gishiri ba ya jin linzami.

To daga ina ƙarin man da ake gani a gwaji yake fitowa? A ganina, kaso mafi girma daga sauya halin dutsen ne. Fiye da rabin man duniya yana cikin dutsen kabonet, dangin farar ƙasa, wanda bayan miliyoyin shekaru yana jiƙe da ɗanyen mai fuskarsa takan koma mai son mai. Mai ya manne, ruwa ba ya shiga. Irin wannan dutse kuma yakan kasance da tsage-tsage, ruwan da aka ɗura sai ya bi tsagar ya fice. Idan sinadari ya iya wanke fuskar dutsen ta koma son ruwa, dutsen da kansa zai tsotse ruwa ya fesar da mai, ba sai tsauri ya rushe gaba ɗaya ba. Hasali ma ana son tsaurin ya saura da ɗan ƙarfinsa, domin shi ne ke yin tsotson.

Na taɓa jera tuluna biyu na gilashi, irin na gwajin Amott, masu dogon wuya da zanen awo. Kowanne na sa masa gunduwar dutsen kabonet da ta yi makonni tana jiƙe cikin ɗanyen mai a na'urar dumama. Ɗaya ruwan gishiri zalla, ɗaya da tataccen ganye. Kwana biyu ba labari. Daga baya sai ƙananan ƙwallaye baƙaƙe suka fara tsatsafowa a jikin gunduwar da ke cikin ruwan ganye, kamar gumi a goshi, su girma, su saki, su hau wuyan tulu ɗaya bayan ɗaya. Ta cikin ruwan gishiri kuwa kusan yadda na sa ta haka na ciro ta. Wannan sakamako ne na gaske, kuma shi ne ya sa ban taɓa cewa maudu'in shirme ne ba.

Dutse ma yana cin rabonsa

Duk safaktan da aka tura ƙasa, wani kaso yana mannewa a jikin dutse ya tsaya nan. Dutsen yashi galibi cajinsa korau ne, na kabonet galibi akasin haka, yumɓun da ke cikin kafofi kuma yana da faɗin fuska mai yawa da ke kama duk abin da ya zo wucewa. Haɗin masana'anta da aka tsara da kyau ana son asararsa ta tsaya wajen miligiram 0.1 zuwa 0.3 a kowane giram na dutse. Tataccen ganye, a gwajin da ake yi da niƙaƙƙen dutse, yakan kai miligiram da dama. Gwajin niƙa yana zuzuta lambar, amma ko an rage, tazarar tana nan.

Mu buga lissafi na misali, lambobin na zaɓe su ne don sauƙi. Ɗauki yanki mai tsawon mita 100, faɗin mita 100, kaurin mita 10, kafofinsa kashi 20 cikin 100. Kafofin za su ɗauki mita kubik 20,000, dutsen kansa kuma nauyinsa kamar tan 212,000. Idan man da ya maƙale ya cika kashi 30 na kafofin, kina da mita kubik 6,000, wato ganga kusan 37,700. Idan dutsen ya riƙe miligiram 0.2 a giram, ya cinye miki tan 42 na safaktan. Idan ya riƙe miligiram 2, tan 424 ke nan. Yanzu ki ce daga tan goma na busasshen ganye ake samun tan ɗaya na tataccen gari. Kina buƙatar ganye sama da tan 4,000 don ciyar da dutse kawai, a yankin da bai wuce filin ƙwallo ɗaya da rabi ba, kafin ɗigon mai ɗaya ya motsa. Filin mai kuwa kilomitoci ne. Manajan da aka kai wa wannan takarda tambaya ɗaya zai yi: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Shi ya sa kalmar araha da kike gani a gabatarwar takardu nake karanta ta da taka-tsantsan. Ganye kilo ɗaya da ɗalibi ya tsinko kyauta ne. Tan dubbai kuwa noma ne, da busarwa, da tatsa, da jigila, da tabbatar da cewa na bana ya yi daidai da na bara, alhali yawan safonin a ganye yana bin yanayi da ƙasa da shekarun itace. Tsarkakakken safonin ma yana da masu saye da suka fi kamfanin mai iya biya: daga Quillaja ake samo sinadarin ƙarfafa wasu alluran rigakafi, har da na zazzaɓin cizon sauro. Masana'antar mai ta taɓa ɗanɗana dogaro da gona. Guar, wani ɗan wake da Indiya ce ke noma mafi yawansa, ana amfani da garinsa wajen kaurara ruwan da ake turawa cikin rijiyar mai don fasa dutse. A 2012 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, manyan kamfanonin hidimar rijiyoyi suka ji a jikinsu.

Zafi da ƙwayoyin bakteriya

Taskoki da yawa zafinsu yana tsakanin digiri 60 da 120 a ma'aunin Salshiyas, kuma sinadarin zai yi watanni ko shekaru a hanya kafin ya kai rijiyar da ake ɗiba. A wasu nau'o'in safonin, mahaɗin da ya riƙe sukari da jikinsa yana iya tsinkewa a ruwan zafi, musamman idan an haɗa da sinadari dangin kanwa. Da zarar ya tsinke, jikin da ba ya narkewa a ruwa sai ya kwanta cikin kafofi.

Na koyi wannan da tsada. Na taɓa tura tataccen ganye cikin gunduwar dutsen yashi, na tace shi da takardar tacewa ta yau da kullum kawai. Kafin rabin dare matsin shiga ya riƙa hawa ba ya sauka, har famfon ya tsaya da kansa. Da na kwance, fuskar gunduwar ta yi wani ɗanko ruwan ƙasa. Abin takaicin shi ne kafin ta toshe ta fitar da ƙarin mai, kuma da ban lura da ma'aunin matsi ba, da na rubuta cewa safaktan ne ya yi aiki. Toshewa ce ta tilasta wa ruwa sauya hanya. Tataccen ganye ba safonin zalla ba ne, akwai tanin, da ɗanko, da furotin, da launi a ciki, kowanne da halinsa.

Ragowar ruwan da na bari a kwalba kuma kafin mako ya zagayo ya yi furfura a sama. Saurin ruɓewar nan ita ce ake yabo idan ana zancen muhalli, amma a ƙarƙashin ƙasa abinci ne kika kai wa bakteriya. Cikinsu akwai masu mayar da salfet ya zama iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke cin ƙarfen bututu kuma take kashe mutum. Don hana wannan sai an zuba maganin kashe ƙwayoyi, tsabtar da ake taƙama da ita ta ragu ke nan. Kada kuma ki ɗauka duk abin da ya fito daga tsiro lafiyayye ne. Safonin guba ne ga kifi, yana kuma fasa jajayen ƙwayoyin jini idan ya haɗu da su kai tsaye.

Inda nake ganin akwai hanya

Wadda na fi ba wa ƙarfi ita ce a ɗauki tsiro a matsayin ɗanyen kaya, a bar masana'anta ta gina ƙwayar. Daga man ja, da man zurma, da man binidazugu ana yin safaktan mai doguwar wutsiya, a ɗora masa kai mai son ruwa da ake kira salfonet, kamar na safaktan ɗin fetur. Masu bincike a Indunusiya da Malesiya sun yi aiki sosai a kan na man ja, kuma irin waɗannan suna saukar da tsauri ƙasa da abin da ɗanyen ganye ke iyawa nesa ba kusa ba. Suna da nasu rauni, wani mahaɗi da ke jikin ƙwayarsu, mai suna esta, ba ya jure zafi mai yawa, kuma man ja abinci ne da mutane ke buƙata. Akwai kuma dangin da ake haɗawa daga sukarin sitaci da man kwakwa, masu juriyar gishiri.

Hanya ta biyu ita ce a ba shi aikin ɗan rakiya. Tun shekarun 1970 ake gwada lignosalfonet, ragowar masana'antar takarda, a tura shi gaba ya cike wuraren da dutse ke kamawa, safaktan mai tsada ya biyo baya ya wuce lafiya. Tataccen tsiro mai yawan mannewa zai iya dacewa da wannan gurbi, aibinsa ya zama amfaninsa. Safonin kuma gwanin riƙe kumfa ne, kumfa kuwa ana buƙatar ta wajen hana iskar gas da aka ɗura tsere wa mai. Sai jiƙa dutsen kabonet mai tsage-tsage a taska maras zafi sosai, kamar yadda na gani a tulun nan.

Idan kin ɗauki maudu'in

Ki ɗauka, amma kada tambayarki ta zama ko wani sabon ganye yana rage tsauri. Kusan duk ganye mai kumfa zai rage, kuma takardu irin wannan sun yi yawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ki yi aiki da ɗanyen mai na gaske, domin takardu da yawa da kananzir aka yi su, shi kuwa ba shi da sinadaran da ke sa dutse ya so mai. Ki haɗa ruwan gishiri mai kalsiyam da maganiziyam daidai da na taskar da kike nufi. Ki auna yawan safonin da ke cikin abin da kika tatso, don wani ya iya maimaita aikinki. Ki rufe samfur a zafin taskar na tsawon wata biyu ko uku, kina ciro kaɗan kina aunawa. Asarar mannewa kuma ki auna ta a gunduwa mai gudana, ta hanyar duba abin da ya fito a ɗaya bakin.

Duk gwajin da za ki yi, ki ajiye safaktan na masana'anta guda a gefe kina gwada su tare a dutse iri ɗaya, ki kuma rubuta matsi a kowane mataki. Idan kayan aikin sashenku ba su kai na'urar juya ɗigo ba, ki gina binciken a kan tulun Amott da awon mannewa, waɗannan gilashi da haƙuri kawai suke buƙata. Kafin ki rubuta shawarar binciken, ki tambayi mai duba aikinki wane irin dutse da wane ɗanyen mai za ku iya samu a hannu, domin su ne za su zaɓa miki tsiron da ya dace.